Amsa kan batun sandikar 'yan kwana-kwana da manyan tarukan ƙwadago

Malam, ka ce ka ga 'yan kwana-kwanan Ingila suna ɗaukar kalami a babban taron ƙungiyoyin ƙwadago na ƙasarsu, kana tambayar me ya hana namu na Maraɗi yin haka, kuma ta wace ƙofa ake shiga.

Waɗanda ke fitowa idan ka kira lamba 18 a nan Nijar sojoji ne, soja kuwa ba ya sandika, ba ya yajin aiki. Kokensa yana bin mai gidansa ne, daga wannan galan zuwa na sama. Dokar duniya ma ba ta tilasta wani abu daban ba: yarjejeniya ta 87 ta OIT, wato hukumar ƙwadago ta duniya, ta shekarar 1948, wadda Nijar ta amince da ita a 1961, ta ba kowane ma'aikaci 'yancin kafa ƙungiya, amma aya ta 9 ta bar wa kowace ƙasa ta yanke hukunci kan soja da 'yan sanda. A 2025 ma hukumomi sun rushe sandikokin 'yan duwan da na ma'aikatan gandun daji, saboda ana lissafa su cikin jami'an tsaro. Don haka kada wani ya zuga ɗan'uwansa mai kaki ya je ya yanki katin sandika, zai jefa shi cikin wahala ne kawai.

Ba aikin kashe gobara ne ke hana ƙungiya ba, kakin soja ne. A Faransa masu kashe gobarar Paris sojoji ne tun 1811, na Marseille sojan ruwa ne, su ma ba su da sandika, amma na sauran jihohi farar hula ne, suna cikin manyan ƙungiyoyin ƙwadagon ƙasar irin su CGT da CFDT da FO. A Ingila ƙungiyarsu FBU tun 1918 take, tana ƙarƙashin uwar ƙungiya TUC. Da suka yi yajin mako tara a 1977, sojoji aka turo da tsofaffin motoci su riƙe aikin. A nan gida, wanda zai iya shiga sandika shi ne farar hular da kamfani ko masana'anta ta ɗauka don kashe wuta, domin dokar aiki ta 2012 ce ke kansa.

Shiga taron kansa matakai ne. Sandika ba ta zuwa ita kaɗai, sai ta ƙulla da uwar ƙungiya, a nan irin su USTN ko CDTN ko CNT. Yawan wakilai da nauyin ƙuri'a suna bin yawan membobin da aka biya wa kuɗi. A TUC wakili ɗaya ne ga kowane memba 5,000. Nan ne ƙananan ƙungiyoyi suka fi faɗuwa: ana zuwa ranar taro da bashin kuɗin wata-wata, kwamitin tantance wakilai ya duba littafi, ya mayar da mutum ɗan kallo, yana zaune yana tafi amma ba shi da ƙuri'a. Sai takardar wakilci mai sa hannun magatakarda da hatimi. Sai ƙuduri, wanda ake aikawa makonni kafin taro, ba a rubuta shi a bakin ƙofa. Daga uwar ƙungiya hanya ke miƙewa zuwa ƙungiyoyin ƙwadago na Afirka baki ɗaya, CSI-Afrique a Lome da OUSA a Akara, da taron OIT na Janeba kowane watan Yuni, inda kowace ƙasa ke tura wakilan gwamnati 2, na masu ɗaukar ma'aikata 1, na ma'aikata 1.

'Yan kwana-kwana ko'ina 'yan kaɗan ne idan aka gwada su da malaman makaranta ko ma'aikatan lafiya, ƙuri'arsu ba ta isa ta ci komai. Abin da ke sa a saurare su shi ne su kawo maganar da ta shafi gidan kowa. Bayan gobarar benen Grenfell a Landan ranar 14 ga Yuni 2017, wadda ta ci mutum 72, FBU ta matsa kan kayan rufin bango masu kama wuta da binciken gine-gine, sauran ƙungiyoyi suka bi bayanta don membobinsu ne ke kwana a irin waɗannan benaye. Haka batun ciwon daji: tun 2022 cibiyar binciken kansa ta hukumar lafiya ta duniya ta sa aikin kashe gobara cikin rukuni na 1 na abubuwan da ke jawo cutar, kuma wannan hujja ce da ma'aikatan lafiya ke iya tsayawa a kanta.

To, nan ne Maraɗi ke da ƙofa ko da babu sandikar masu kaki. Kowa na tuna 8 ga Nuwamba 2021, da wuta ta kama azuzuwan zana a garin nan, yara fiye da 20 suka rasu, watanni bakwai bayan irin ta a unguwar Pays-Bas ta Yamai. Wannan magana ta malaman makaranta ce, su ke da bakin kai ta taro. Ruwa na ma'aikatan kamfanin ruwa ne, wayoyin lantarki da suka cuɗe a rumfunan kasuwa na ma'aikatan wuta ne, tankokin mai na direbobi ne. Soja ba zai hau mumbari ba, amma babu abin da ya hana malamai su sa buƙatar da za ta sauƙaƙa masa aiki cikin kundin koken 1 ga Mayu, ranar ma'aikata.

Sai dai a rubuta shi da lissafi. Ƙudurin da ya ce "a inganta aikin kashe gobara" kowa zai ɗaga masa hannu, kuma ba wanda zai sake tuna shi. Motar kashe wuta ta yau da kullum tana ɗaukar wajen lita 3,000. Tiyo ɗaya mai fitar da lita 500 a minti zai zazzage ta cikin minti 6. Idan babu famfon gobara kusa, mota ta juya neman ruwa, wutar ta samu sarari, mutane kuma su ce 'yan kwana-kwana sun zo babu ruwa, alhali da ruwansu suka zo. Ma'aunin Faransa ga famfon gobara shi ne lita 60,000 a awa ɗaya. Kwalbar iska mai lita 6 da ake goyawa ba ta wuce minti 20 zuwa 30 ga mai aiki cikin hayaƙi, kuma in babu injin cika ta a bariki, ta zama kayan ado. Saboda haka a faɗi famfo nawa ake so, a wace unguwa da wace ƙofar kasuwa, wa zai gwada ƙarfin ruwansu kuma sau nawa a shekara, azuzuwan zana nawa za a mayar na siminti kafin wace shekara. A haɗa da buɗe layukan kasuwa, don mota mai faɗin mita biyu da rabi ba ta ratsa inda teburan 'yan tireda suka cinye hanya.

A yi hattara da kwamitin haɗa ƙudurori. Al'adarsa ce ya tattara masu kama da juna ya dunƙule su guda, kuma a wurin dunƙulewar ne lambobi ke zubewa. Dole mai ƙudurin ya zauna a wannan zaman ya riƙe jimlar da ke ɗauke da adadi da wa'adi. A samu wata sandika da za ta mara baya tun kafin a shiga zaure. Mai gabatarwa 'yan mintoci ake ba shi, in ya cinye su wajen gaishe da manyan baƙi, shugaban zama zai katse shi bai kai ga famfo ba. Kuma a tura wanda ya san zancen, ba wanda layin kuɗin zama ya zo kansa ba.

Bayan an dawo, a nemi kofin ƙudurin da aka amince da shi mai hatimi, a kai ɗaya ofishin gwamna, ɗaya ma'aikatar magajin gari, a sa wata uku a koma a tambayi inda aka kwana.