Esi ba ta canja iskar ɗaki, ga amsar tambayarka kan inkubetar CO2

Ƙanena na ga saƙonka tun da safe, ina kan wani aiki ne shi ya sa. Ka ce ɗakin da suka ba ka na kafa inkubetar, injin nan na lab da ake renon ƙwayoyin halitta a ciki yana shan gas ɗin CO2 (kabon dayoksaid) daga silinda, ƙarami ne, ba taga, amma akwai esi sabuwa, wai ko hakan ya wadatar. Bai wadatar ba, kar ma ka kwance kwalin tukuna.

Esin nan ta bango iskar ɗakin take ja ta sanyaya ta dawo maka da ita, ko cokali ɗaya na sabuwar iska ba ta shigo da shi. Amfaninta daban ne, injin inkubetar yana riƙe digiri 37 ne da CO2 kashi 5 cikin ɗari, kuma yawancinsu ɗumamawa kawai suka iya ba sa sanyayawa, to a watan Afrilu in ɗaki ya yi zafi sosai injin ba yadda zai yi, nan esi ke da rana. Amma maganar gas ba ruwanta.

Zauna ka yi lissafin da kanka. Kilo ɗaya na CO2 in ya fita daga silinda yana cika wajen rabin kubik mita, ka ga silinda mai kilo 25 ta ba ka kusan kubik mita 13. Ɗaki mai mita 3 da 4, tsayi 3, kubik mita 36 ne. Iskar waje da muke shaƙa CO2 ɗinta kusan kashi 0.04 ne kacal, iyakar da ake yarda ma'aikaci ya wuni a ciki awa 8 kashi 0.5 ce, in ta kai kashi 4 an shiga haɗarin rai. Yanzu ka ɗauka tiyo ya fice ranar Juma'a da daddare, ƙofa a rufe har Litinin, kubik mita 13 na CO2 a ɗaki mai 36 ya wuce wannan iyaka nesa. Ba ta da launi, hanci ba ya kama ta, kuma ta fi iska nauyi wajen sau ɗaya da rabi, ƙasa take kwanciya kamar ruwa a kwano, wanda ya sunkuya ɗaukar abu a ƙarƙashin benci shi zai fara kwasa.

Na taɓa zuwa wani lab, wata baiwar Allah kullum ciwon kai da kasala da ta shiga ɗakin da safe, silinda kuma ba ta daɗewa, suna ta zargin mai kawo gas wai yana musu ha'inci. Na kaɗa ruwan sabulu a kofi na shafa a bakin regileta, na'urar rage matsin gas da ke kan silinda, shiru, na shafa a bayan injin inda tiyo ya shiga sai ga kumfa tana tashi kamar ana wanki. Wanda ya kafa bai sa kilif ba, turawa kawai ya yi da hannu ya tafi.

Don haka ka ce musu sai an huda bango an sa fankar zuƙe iska, bakinta ƙasa ƙasa, tana fitarwa waje ba cikin silin ba, da wata kafa da sabuwar iska za ta shigo. Sannan na'urar ƙararrawa ta CO2, a kafa ta kamar tsayin gwiwa, in ka liƙa ta sama kusa da agogo ado ka yi musu. In za su yarda a ajiye silindar a waje cikin keji mai inuwa a jawo bututu ya fi min, amma ban da rana, don ko a ɗaki mai sanyi matsin cikinta ya kusa 60 a ma'aunin matsi na bar, zafi kuwa ƙara shi yake.

Silinda a tsaye, sarƙa a jikin bango. Ka tambayi mai gas da kyau kada ya ba ka mai bututun ciki wadda ke fitar da ruwan CO2, tana daskarar da regileta ta lalata injin. Regileta mai hawa biyu, matsin fita ka duba littafin injin, da yawa wajen bar 1 suke so amma wasu ƙasa da haka sosai, kar ka yi da ka. Geji kuma, agogon da ke nuna matsin silinda, maƙaryaci ne a nan, allurar ba ta sauka sai ruwan ciki ya ƙare, sikeli ne ke faɗin gaskiya.

Sauran ka san su, kar ka ajiye injin a bakin ƙofa, kar esi ta riƙa hura masa kai tsaye, ka bar fili baya da gefe, ka ɗaga shi daga ƙasa ka daidaita ƙafafun, ruwan tiren da ke cikinsa ya zama tatacce wanda aka kashe wa ƙwayoyin cuta ba na famfo ba, sitabilaiza dole saboda wutarmu. Ka bar shi ya kwana a kunne kafin ka taɓa saiti.

Turo min awon ɗakin da hoton bangon da ke kallon waje, in sun ce ba kuɗin fanka ka ba ni lambar ogan nasu ni zan yi magana da shi.