Amsa kan cutar MS: gado ce, ko me ke kawo ta?

Salamu alaikum jama'a. Wannan amsa ce ga 'yar'uwarmu da ta ce an tabbatar wa yayarta cutar MS (multiple sclerosis, wata cutar jijiyoyi), tana tsoron ko ita da 'ya'yanta ma za su kamu. Allah Ya ba yaya lafiya.

Hajiya, da farko dai ba a ɗaukarta a jikin wani. Garkuwar jikin mutum ce ke juyowa tana cinye rufin jijiyoyin ƙwaƙwalwa da laka, kamar a ɓare robar wayar lantarki, sai saƙo ya kasa wucewa daidai. Shi ya sa za ki ga ido ɗaya ya dushe, ko ƙafa ta sage, a samu sauƙi, bayan watanni abin ya dawo.

Gado yana da hannu, amma shi kaɗai ba ya isa. Ko tagwaye 'yan ƙwai ɗaya, in ɗaya ya kamu, kusan 1 cikin 4 ne ɗan'uwan ke kamuwa. Ke ƙanwa, haɗarinki kashi 2 zuwa 4 ne cikin 100. Naki 'ya'yan kuwa ƙasa da haka.

Masu cutar a duniya sun kai miliyan 2.8 a ƙididdigar 2020. Ta fi farawa tsakanin shekara 20 da 40, kuma mata sun ninka maza sau 2 zuwa 3. Tana yawaita in aka nufi ƙasashen sanyi masu ƙarancin rana, irin su Kanada da arewacin Turai. Abin lura, wanda ya yi ƙaura yana yaro, kafin shekara 15, haɗarin sabuwar ƙasar yake ɗauka. Kin ga ke nan muhalli na ƙuruciya yana da tasiri, kuma ana danganta hakan da ƙarancin bitamin D.

Sai ƙwayar cutar Epstein-Barr. Binciken da aka fitar a 2022 kan sojojin Amurka sama da miliyan 10 ya nuna haɗarin ya ninka sau 32 bayan kamuwa da ita. Kada wannan ya tayar miki da hankali, kusan kashi 95 na manya suna ɗauke da ita, kuma ƙalilan ne ke samun MS.

Abin da ke hannunki: taba tana ƙara haɗarin da kusan rabi, kuma tana hanzarta cutar ga mai ita, don haka kada a bari ana sha kusa da yaya. Ƙiba a shekarun balaga, musamman ga 'yan mata, tana kusan ninka shi. Bitamin D kuma a auna jini tukuna kafin a sha, yawansa na taɓa ƙoda.

Masu cewa baƙar fata ba ya kamuwa, don Allah a daina, wannan maganar na sa a makara zuwa hoton MRI. Kuma ki tambayi likitan jijiya ko an yi wa yaya gwajin NMO (neuromyelitis optica, wata cutar jijiyar ido da laka), domin suna kama da MS, ita NMO ta fi yawa a 'yan Afirka da Asiya, kuma wasu magungunan MS na ƙara tsananta ta.