Me ya sa kayan sake cika harsashi suke jinkiri a Amurka?

Tambaya: Ina zaune a Texas, ina wasan harbi da bindiga, ina sake cika kwanson harsashi da kaina. Na biya kuɗin na'urar cika harsashi ta kamfanin Dillon da firaima, wata uku shiru. Lafiya kuwa?

Amsa: Malam, ƙarancin kaya ne ke jawo irin wannan jinkiri, kuma ya sha faruwa: 2009, 2013, sai mafi muni a 2020 lokacin korona, da miliyoyin mutane suka sayi bindiga karon farko. Firaima, 'yar ƙwayar da ke tayar da wuta a gindin kwanson harsashi, ita ce matsalar. Manyan masu ƙera ta a Amurka huɗu ne: CCI, Federal, Winchester da Remington, kuma idan kasuwa ta yi zafi harsashin masana'antarsu suke fara cikawa. Remington ma ta durƙushe a 2020, masana'antarta ta Arkansas ta ɗan tsaya.

Ka raba odarka biyu, domin wasu shaguna suna riƙe kaya har komai ya cika. Firaima da albarushi kayan haɗari ne, jigilarsu daban, da ƙarin kuɗi, gara ka duba shagon unguwa.

Don Allah kada ƙaranci ya sa ka musanya albarushi ko firaima da wanda littafin awo, mai nuna irin kaya da adadin da ya dace da kowane harsashi, bai ambata ba. Matsi na iya haura kima, bindiga ta fashe a hannunka.