Sun ce na cika sanyi, ko in nemi layar kwarjini?

Tambaya: Malam, wata huɗu ke nan da aka zaɓe ni shugaban ƙungiyarmu ta manoman albasa a nan Tawa. Wasu sun ci bashin iri da taki sun yi shiru, cikinsu har da ƙanen mahaifina. Abokai sun ce na cika sanyi, shi ya sa aka raina ni. Ɗaya ya ce zai kai ni wajen mai layar kwarjini, jika talatin. Barci ya ƙaurace mini. Ina mafita?

Amsa: Ɗana, rashin barcin nan naka ya faranta mini rai, domin wanda bai ɗauki shugabanci amana ba yana barcinsa har da minshari.

Jika talatin ɗinka kuwa, bar su a aljihu. Wallahi na gaji da wannan magana. Da wuya mako ya wuce wani sabon shugaba bai zo mini da ita ba, daga na kwaperatif har na kwamitin masallaci: wai akwai kwallin da za a sa, ko layar da za a ɗinke cikin hula, in an yi magana kowa ya sunkuyar da kai. To a ce ma ta ci. Me ka samu? Mutanen da ke tsoronka ba za su gaya maka albasar da ke cikin rudu (rumbun ajiyar albasa) ta fara ruɓa ba, sai wari ya gaya maka. Ma'aji ba zai ce lissafi bai cika ba. Na san wata ƙungiya da shugabanta ya bi wannan hanya, ana yi masa "ranka ya daɗe" a gaba, a baya kowa yana kai buhunansa wajen dillali shi kaɗai. Damina biyu ba ta cika ba ta watse. Kuma mai layar nan, in da gaske yana da abin da ke sa a bi mutum, me ya zaunar da shi a zaure yana jiran jikarka? Balle ga hadisin Muslim: wanda ya je wajen mai duba ya tambaye shi wani abu, ba a karɓar sallarsa dare 40.

Duba aya ta 159 a Ali Imrana, wadda ta sauka bayan Uhudu, bayan maharba sun saɓa umarni har aka ji wa Annabi (SAW) rauni. Allah ya ce masa da ya kasance mai kaushi, mai taurin zuciya, da sun watse daga gare shi, sannan ya umarce shi ya yafe musu, ya nema musu gafara, ya yi shawara da su. Saboda haka sanyinka ba aibi ba ne.

Inda abokanka suka yi gaskiya shi ne kana kunyar tambayar kuɗin jama'a, kana kiran hakan tausayi. Kuɗin nan na tsohuwar da ta sayar da akuyarta ta zuba ne. An kafa ƙungiyar don kada talaka ya karyar da albasarsa lokacin girbi, a watan Maris da Afrilu, sa'ad da kasuwa ta cika farashi ya faɗi, ya samu ya ajiye ta har ta yi daraja. Duk bashin da ya maƙale, wani ne zai rasa taki bana.

Kira taron membobi, wanda dokar OHADA (ƙungiyar daidaita dokokin kasuwanci ta wasu ƙasashen Afirka, har da Nijar) ta 2010 ma ta wajabta wa kwaperatif aƙalla sau ɗaya a shekara. Ma'aji ya karanta littafi da ƙarfi, a fara da sunanka. Wanda tsutsa ko rashin ruwa ya cinye wa gona, taro ya ɗaga masa ƙafa. Wanda ke da hali ya ƙi, a sa masa rana.

Baffanka kuma kada ya ji a bainar jama'a. Je gidansa bayan isha'i, ka durƙusa ka gaishe shi, ka ce: "Baba, ranar taro za a karanta sunanka kamar na kowa, na zo mu shirya yadda za a biya kafin nan." In ya ce babu, kuma ka tabbata babu ɗin, ga jika talatin ɗin nan da ka so kai wa mai laya. Zuba su a madadinsa, ma'aji ya ba ka takarda.