Hanyar Rukunin Gidajenmu Ta Wa Ce?

Tambaya: Barista, na sayi fili a wani rukunin gidaje a yankin Ushafa, kusa da madatsar ruwa ta Usuma, na gina na tare shekara 4 ke nan. Duk damina hanyarmu sai ta koma kwari. Bara motar maƙwabcina ta kafe a taɓo matarsa na naƙuda a ciki. Kamfanin da ya sayar mana yana karɓar kuɗin hidima, amma ko tifa ɗaya ta jar ƙasa bai zuba ba. A sanina hanyar da kowa ke bi ta gwamnati ce. Zan iya maka ƙaramar hukumar Bwari a kotu ta yi mana kwalta? In ba hali, muna so mu haɗa kuɗi mu yi da kanmu, mu ja lambatu zuwa rafin da ke gangare.

Amsa: Malam, Allah ya sa matar maƙwabcin naka ta sauka lafiya. Ban ga takardunka ba, don haka abin da zan faɗa zai iya canjawa idan na gan su.

Inda ka ɗan yi kuskure shi ne zaton cewa bin jama'a ke mayar da hanya ta gwamnati. Gaskiya ne sashe na 297 na kundin tsarin mulkin 1999 ya danƙa duk ƙasar Abuja a hannun gwamnatin tarayya, amma mallakar ƙasa daban, nauyin gyaran hanya daban. A yawancin rukunin gidaje masu zaman kansu, gwamnati kan ɗauki babbar hanya zuwa bakin rukunin ne kawai, hanyoyin ciki da kwalbatoci da magudanai kuwa suna wuyan kamfanin da aka ba filin. Ko da 'yan acaɓa da masu talla sun shekara goma suna ratsawa, mai yiwuwa hanyarku tana nan a matsayin ta kamfani, sai fa in taswirar da hukuma ta amince da ita ta nuna ta a matsayin hanyar jama'a, ko kuma an miƙa ta ga hukuma a rubuce ta karɓa.

Ko da ta jama'ar ce, da wuya alƙali ya zaɓa wa ƙaramar hukuma hanyar da za ta fara yi wa kwalta. Akwai kuma abin da ya fi damuna: idan takardar filinku ta fito ne daga ƙaramar hukuma ko hannun mai unguwa, kotuna sun sha cewa Ministan Abuja ne kaɗai ke da ikon ba da fili. Ƙarar da ka shigar don hanya za ta iya tono maganar gidan da kake ciki.

Batun lambatu kuwa, don Allah ku dakata. Usuma ce ke shayar da mafi yawan Abuja, kuma idan rafin nan cikinta yake zuba, duk laka da baƙin mai da ruwan masai da za ku kora a can zai ƙare. Hukumar kare muhalli ta ƙasa, wato NESREA, na da ƙa'idojin 2009 kan yankunan da ruwa ke gangarowa da bakin koguna da tafkuna, ga dokar tantance illar aiki ga muhalli ta 1992, ga sashen kula da gine-gine na Abuja wanda ba ya jinkirin shafa jan fenti a aikin da ya saɓa ƙa'ida. Ko hanyar taku ce halak malak, yin kwalta da karkatar da ruwa ba izini na iya jawo a tsayar da aikin ko a fasa shi, kuɗinku ya bi ruwa.

Wataƙila kamfanin zai ce wannan ne ya ɗaure masa hannu. To ya nuna takardar da ya nemi izini da amsar da aka ba shi. Wanda ya iya karɓar kuɗin hidima shekara 4 ya kamata ya iya fito da rasit ɗin abin da ya yi da su.

Ka sa lauya ya yi bincike a AGIS, ofishin adana bayanan filayen Abuja, kamar yadda aka saba, ya ga taswira da asalin takardar. Ka sake karanta yarjejeniyar cinikinka. In akwai alkawarin hanya a ciki, ko a takardar tallarsu, to kamfanin ne abokin maganarka, ba Bwari ba. Kada ka daina biyan kuɗin hidima kai kaɗai, don za a iya juya laifin ya dawo kanka. Ku yi wa ƙungiyar mazauna rajista, ku rubuta da murya ɗaya.

Ni dai ba zan fara da ƙara ba. Babbar Kotun Abuja na da cibiyar sasanci, inda za a iya zaunar da ku da kamfanin a rubuta wa zai nemi izini, wa zai biya injiniyan da zai tsara magudanar da ba za ta ɓata rafin ba, da kuma ranar fara aiki. Idan alƙali ya amince da sulhun, ƙarfinsa ɗaya da hukunci. In kamfanin ya ƙi zuwa, sai ka kawo min takardun mu duba maganar saɓa yarjejeniya.