Su kwaikwayi abin da ya raba su da gida?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina aikin sa kai a wani sansanin 'yan gudun hijira, ina so mu fara wasan kwaikwayo da matasa. Wasu abokan aikina sun ce ɓata lokaci ne, mai jin yunwa ba ya kallon wasa. Wasu kuma sun ce mu sa yaran su kwaikwayi yadda aka kore su daga gida don masu ba da tallafi su tausaya. Wanne zan bi? Daga wata mai karatu.

Amsa: Wa'alaikumus salam, 'yar'uwa. Wasa ba ya cika ciki, wannan gaskiya ne. Amma mutum yakan yi shekaru a sansani yana jiran takarda, ba aiki ba makaranta, zaman kansa ciwo ne. Tun 1993 Tortell Poltrona, ɗan barkwanci daga Sifaniya, ya kai wasa sansanin 'yan hijira a Kuroshiya, kuma ƙungiyar da ya kafa tana zagaya sansanoni har yau.

Shawara ta biyu ce ta tayar min da hankali. Na taɓa ganin yarinya da aka sa ta nuna daren da suka gudu. Tana tsaka da wasan ta tsaya cak, bakinta na rawa, 'yan kallo suna ta tafi, a zatonsu gwaninta ce. Baƙin suka hau mota suka tafi, ita kuwa da abin ta kwana. Kada ki yi haka.

Za a ce miki ai matan Siriya sun ba da labarinsu a dandamali a Amman, babban birnin Jodan, a 2013. Haka ne, amma manya ne, da yardarsu, bayan makonni ana shiri, kuma sun jingina shi da wani tsohon wasan Girkawa kan matan da yaƙi ya ci garinsu.

Ki fara da waƙa, rawa da abin dariya. In sun saki jiki, gwada dabarar Augusto Boal, masanin wasan kwaikwayo na Brazil: a nuna matsalar yau, kamar rigima a layin ruwa, a tsayar da wasan, ɗan kallo ya shigo fili ya gwada tasa mafitar. Wanda kuma ya ce ba ya son hoto, a mayar da waya aljihu, ko da mai ba da tallafin ne ya nema.