Al'ada a jini take ko koyonta ake yi?

Tambaya: Malam barka da aiki. Ni 'yar Aboabo ce a Kumasi ta Ghana, yarana in suna Hausa sai su cusa Twi, yaren Asantawa, a ciki, kuma sun fi son fufu a kan tuwo. Baƙinmu daga Kano suka ce wai yaran sun fita daga al'ada. Da gaske ne?

Amsa: Hajiya ki kwantar da hankalinki, ba a haifar kowa da al'ada a jininsa, koya ake yi. Jaririn Kano in Asantawa suka raine shi toh Twi zai tashi da shi, kuma in ya je taro daga dama zai fara miƙa hannu yana bi zuwa hagu kamar yadda suke yi, ba wanda ya zaunar da shi ya karanta masa, ido ne da kunne kawai. Abin da ya raba mu da dabbobi shi ne mu muna tarawa, kaka ta koya wa uwa, uwa ta ƙara nata ta miƙa wa 'ya, kuma harshe ne yake ɗauke da kayan.

Sannan al'ada tafiya take yi tana canzawa. Kakanninmu fataken goro ne da suka riƙa zuwa Salaga, babbar kasuwar goro a arewacin Ghana, da yaƙin basasa ya tarwatsa garin a 1892 suka bazu, wasu Kete Krachi irin su shahararren malami Alhaji Umaru, wanda shi kansa haifaffen Kano ne, wasu Kumasi wasu Accra. Sun karɓa kuma sun bayar, ki duba da safe yadda Asantawa suke layi wajen mai koko da ƙosai, ko waakye, wato shinkafa da wake da ake dafawa da karan dafi, ai daga hannun mutanenmu da 'yan arewa suka koya. Su ma baƙin naki, Hausar da suke yi cike take da Larabci da Turanci, wallahi ba irin ta kakanninsu ba ce.

Abin da yake damuna ni dai shi ne gidan da aka daina Hausa gaba ɗaya, don abin da ba a koyar ba shi ne yake mutuwa. Ki riƙa yi musu Hausa a gida ko da Twi suke amsa miki, ki koya musu durƙusawa gaida manya, a tafi da su suna da biki su ga yadda ake yi. Fufu kuwa ki bar su su ci abinsu.